Maganin da ke Cikin Jakar Falke: Amfaninsa da Illarsa

 A wannan fitowa muna so mu yi bayani a kan wani abu da kusan kowa a cikinmu yake ɗauke da shi, amma kaɗan ne suka san haƙiƙaninsa, wato magungunan likita da muke saye ba tare da takardar likita ba. Duk wanda ya buɗe jakar falke zai tarar da ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, kusa da su kuma ga kwalbar allurar shanu da sirinji. Mu ba likitoci ba ne, fataucin shanu muka sani, kuma mun haura shekara talatin a cikinsa. Abin da za mu kawo a nan mun tattara shi ne daga bakin likitocin mutane da na dabbobi, da abin da ke rubuce a jikin kwalaye, da kuma abin da idonmu ya gani a kan hanya.

Dalilin wannan rubutu

Wata shekara ana gab da babbar salla muka yi lodi a Maraɗi, muka shiga ta Jibiya muka nufi kudu. A cikin ƴan rakiya akwai wani yaro da bai wuce shekara 20 ba, mai ƙwazo ƙwarai, aikinsa shi ne zama a saman tirela yana tayar da duk saniyar da ta faɗi don kada ƴan uwanta su tattake ta. Bayan mun ƙetare gadar Jebba da dare sai muka ji ana bubbuga bayan mota. Yaron nan ne ya sandare, ya faɗo tsakiyar shanu yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa. Kafin a jawo shi sun karya masa hannu da haƙarƙari biyu. Waɗansu suka ce aljanu ne. Da muka kai shi asibiti, likita ya zazzage aljihunsa, ya fito da katin ƙwaya, ya dube mu ya ce, "Alhaji, ka san abin da yaron nan yake sha?" Muka yi shiru, domin gaskiyar magana mun sani. Duk lokacin da muka miƙa masa abin da muke kira kuɗin shayi mun san inda suke zuwa, muka kau da kai saboda aiki yana tafiya. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har yau hannun bai miƙe daidai ba.

Abu uku da ya kamata a riƙe

Na farko, kowane magani yana da awo, kuma awon ya dogara da nauyin jiki da shekaru da lafiyar hanta da ƙoda. Abin da ya warkar a awo guda, shi ne zai kashe a awo biyar. Na biyu, lambar da ke jikin kwali tare da haruffan mg tana nuna ƙarfin ƙwaya ɗaya ne a miligiram, saboda haka ƙwaya biyu masu suna iri ɗaya suna iya bambanta da ninki huɗu. Na uku, sunan kamfani daban, sunan ainihin magani daban. Panadol da ake saye a Kano, da Doliprane ko Efferalgan da ake saye a Yamai ko Garwa, duk abu guda ne, farasitamol. Mu da muke ƙetare iyaka mun fi kowa faɗawa wannan rami, mutum ya sha na Ingilishi da safe ya ƙara da na Faransanci da hantsi, yana zaton magani biyu ya sha.

Tiramadol

Wannan magani wani kamfanin Jamus ne ya fara fito da shi kasuwa a 1977, kuma magani ne na gaske. Likita yana rubuta shi ga wanda aka yi wa aiki, ko wanda ya karye, ko mai ciwon daji. Dangin ofiyom ne, shi ya sa jiki yake sabawa da shi. Wanda hukumomin magani na Nijeriya da Gana suka yarda da shi shi ne mai miligiram 50 da mai 100, kuma ko a hannun likita babban mutum ba ya wuce 400 a yini da kwana. To, wanda ake sayarwa a tasha da bakin kara mai 120 ne, ko 200, ko 225, har da 250. Kun ga ke nan wanda ya haɗiye biyu masu 225 ya riga ya kai 450 a zama ɗaya.

Illarsa ta kusa ita ce jiri, da amai, da bushewar ciki, da zufa. In ya yi yawa sai farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yin ta ba, kamar yadda ya faru ga yaronmu. In ya ƙara yawa sai numfashi ya yi ta raguwa har ya tsaya, musamman idan an haɗa shi da Valium ko kodin ko giya. Illarsa ta nesa kuwa ita ce kamu. Wanda ya saba, ranar da bai samu ba sai ciwon gaɓoɓi, da hamma, da zawo, da rashin barci, da faɗa ba dalili. Irin wannan bai kamata ya yanke shi a rana ɗaya ba, likita ne zai riƙa rage masa sannu a hankali.

Masu sha suna cewa yana ba da ƙarfi. Abin da yake yi shi ne ya toshe wa mutum jin gajiya, alhali gajiyar tana nan tana cin jiki. Direban da ya kwana biyu bai runtsa ba yana buƙatar barci, ko ya ji ko bai ji ba, kuma a bayansa akwai rayukan mutane da dukiyar miliyoyi.

Binciken da hukumar ƙididdiga ta Nijeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 ne suke shan irin waɗannan magunguna na dangin ofiyom ba bisa umarnin likita ba. A wannan shekarar ce Nijeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, ƙasar Indiya kuma ta tsaurara fitar da tiramadol. Da ƙofar ta ƙuntata sai masu safara suka koma ga wata ƙwaya da aka haɗa tafentadol da karisofurodol, wadda ta fi tiramadol haɗari, ana sayar da ita cikin kati mai kama da na da. Indiya ta hana yin wannan haɗi a 2025. Saboda haka wanda ya sayi kati a tasha bai ma san abin da ke ciki ba.

Wani abin mamaki kuma ya shafi sana'armu kai tsaye. A 2013 masu bincike suka ba da labarin sun sami tiramadol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, har aka yi zaton itacen ne yake yin sa. A 2014 waɗansu masanan suka koma suka duba, suka gano cewa manoma ne suke sha suna kuma ba shanun huɗa don su yi aiki ba gajiya, maganin yana fita ta fitsari da kashi ya shiga ƙasa da ruwa, saiwa ta tsotse. Wato abin ya kai har ƙasar da muke takawa ta ɗauka.

Sa'an nan mu tuna, in duwan ko jandarma ko jami'an hana ƙwaya suka sami katan ɗaya a ƙarƙashin kujerar mota, motar gaba ɗaya za a tsare. Shanu su yi kwanaki a rana ba ruwa ba ciyawa, mai dukiya kuma ya shiga bayanin abin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kowa ya binciki motar da zai yi lodi a cikinta.

Farasitamol

Shi ne mafi sauƙin illa a cikin magungunan zazzaɓi da ciwon kai, in an tsaya a kan awo. Babban mutum yana shan ɗaya ko biyu masu 500, ya bar aƙalla awa 4 zuwa 6 kafin ya ƙara, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Wanda ya rame, ko mai ciwon hanta, nasa bai kai haka ba. Mugun halin wannan magani shi ne, wanda ya sha fiye da kima ba ya jin wani abu mai tsanani a ranar farko, sai bayan kwana biyu ko uku ido ya yi ɗorawa, lokacin hanta ta riga ta lalace. Akwai makarinsa a asibiti, amma ya fi aiki in an ba da shi cikin awa 8 na farko. Don haka in yaro ya sami kati ya cinye, kada a ce ai ga shi nan yana wasa, a tafi da shi nan take. A kuma lura cewa yawancin magungunan mura da na ciwon jiki akwai farasitamol a cikinsu.

Diklofenak da ibufurofen

Waɗannan su ne na ciwon baya da gwiwa da haƙori, mu da shekaru suka fara ja mun san su sarai. Suna rage kumburi da zogi, amma suna cin bangon ciki. Mai shan su kullum, musamman da yunwa, yana iya samun gyambon ciki. Alamar ya fara zubar da jini ita ce bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko amai mai kama da garin kofi. Suna kuma taɓa ƙoda, kuma haɗarin ya fi yawa ga wanda ya yini cikin rana yana zufa bai sha isasshen ruwa ba, wanda shi ne halinmu a bazara da lokacin azumi. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, da mace mai tsohon ciki, su nisance su sai da izinin likita. Kada a haɗa biyu daga cikinsu a lokaci guda.

Ana kuma yi wa shanu allurar diklofenak. A Indiya da Pakistan da Nefal wannan ya kusa ƙarar da ungulu. Tun daga shekarun 1990 aka ga suna mutuwa, waɗansu irin sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, sai a 2004 aka tabbatar cewa mushen shanun da aka yi wa allurar ne yake kashe musu ƙoda. A 2006 ƙasashen suka hana amfani da shi ga dabbobi, aka koma ga melokzikam. Ungulayen da muka saba gani a mahautarmu sun riga sun ragu saboda waɗansu dalilai, kada mu ƙara musu da wannan. Dabbar da ta mutu bayan allura a binne ta.

Dekisametazon

Likita yana ba da shi ga mai asma mai tsanani, ko kumburi, ko wanda jikinsa ya yi mummunan bore ga wani abu. Amma mutane sun mayar da shi maganin ƙiba da na ciwon jiki. Ƙibar da yake kawowa ruwa ce da kitse a fuska da ciki, ƙafafu da hannuwa kuwa sai su sirance. Yana jawo ciwon suga da hawan jini, yana raunana ƙashi, yana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Wanda ya yi makonni yana sha, in ya bari farat ɗaya yana iya faɗuwa jininsa ya sauka, don haka shi ma likita ne zai janye shi a hankali. A wajen shanu, allurarsa tana sa saniya mai tsohon ciki ta zubar ko ta haihu kafin lokaci. Akwai waɗanda suka yi asarar ɗan maraƙi ta wannan hanya suka ɗora wa wahalar mota laifi.

Kafso

Duk abin da ya same mu, daga ƙurji zuwa mura, sai mu ce a ba mu kafso biyu. Waɗannan magunguna, irin su amfisilin da amoksisilin da tetarasaikilin, ƙwayoyin cuta na bakteriya kaɗai suke kashewa. Ba su yin komai ga mura, kamar yadda ba su warkar da ciwon baki da kofato a shanu, sai dai su hana miki ruɓewa. Wanda ya sha biyu ya bari ya kashe masu rauni ne ya bar masu taurin kai, su ne za su hayayyafa, gobe maganin ya ƙi ci. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cutar da ta daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a yammacin Afirka ne abin ya fi tsanani.

Tetarasaikilin, kafson nan mai ja da ruwan ɗorawa, ba a ba mace mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba, domin yana ɓata haƙora har abada. Kuma wanda ya kora shi da fura da nono ya yi asarar kuɗinsa, domin nono yana riƙe shi ya hana jiki ɗauka. Dangin fenisilin kuwa akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓa. In bayan sha ko allura aka ga borin jini, leɓe ya kumbura, numfashi yana sarƙewa, to minti kaɗan ne tsakanin mutum da ajali, sai asibiti. Kuloramfenikol yana iya busar da ɓargon da ke yin jini, shi ya sa ƙasashe da yawa suka hana ba da shi ga dabbar da za a ci.

Zawon hanya yawanci ruwa yake buƙata kafin komai. A lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa. In akwai jini a ciki, ko ya zama kamar ruwan shinkafa ba tsayawa, a nemi asibiti mafi kusa. Zazzaɓin cizon sauro kuma a yi gwaji tukuna. Kulorokin da muka tashi da shi, wanda ake kira Nivaquine, ya daina cin zazzaɓin ƙasashenmu, kuma yawansa yana tsayar da zuciya. Irin Coartem da ake bayarwa yanzu sau 6 ake sha cikin kwana 3, a cika shi ko da an ji sauƙi, kuma shi ya fi shiga jiki in an sha da abinci mai maiƙo ko madara.

Na shanu

A nan kuskurenmu biyu ne, ko mu rage awo don tsimi, ko mu ninka don gaggawa. Tushen duka biyun shi ne ƙiyasta nauyi da ido. Akwai tef da ake zagaya ƙirjin dabba da shi ya nuna nauyinta, ba shi da tsada, ya kamata kowane turke ya mallaki ɗaya.

Oksitetarasaikilin mai dogon aiki, wanda muke kira Terramycin, in mai kashi 20 cikin 100 ne awonsa mililita 1 ga kowane kilo 10. Sa mai kilo 300 zai sha mililita 30 ke nan, a cikin tsoka, a raba wuri biyu, domin in aka tara wuri guda naman wurin yana lalacewa. Akwai mai kashi 5 da mai kashi 10, nasu awon daban ne, a karanta kwalba.

Maganin sammore, irin Berenil, ƙaramin ƙunshi mai giram 2.36 na dabba ɗaya ce mai kilo 300, babban mai giram 23.6 kuma na goma. Mun sha ganin an raba ƙaramin ƙunshi wa shanu uku. Wannan ba ya kashe cutar, koya mata jure magani yake yi, shi ya sa a wurare da dama masu ƙudan tsando ake kukan allura ta daina ci. A dama shi da ruwan da aka tafasa ya huce. Kada a yi wa raƙumi, kuma yana da haɗari ga kare da jaki. Samorin shi ana yin sa ne don kariya ta ƴan watanni kafin a shiga ƙasar tsando, can cikin tsoka, domin yana ƙona wurin da ya taɓa.

Ibamektin, irin Ivomec mai kashi 1 cikin 100, mililita 1 ne ga kilo 50 a ƙarƙashin fata, wato mililita 6 ga mai kilo 300. Yana kashe tsutsar ciki da ƙwarƙwata da ƙazuwa. Ba a yi wa saniyar da ake tatsa don mutane su sha. Gaskiya ne akwai na mutane, Mectizan, wanda ake rabawa kyauta tun 1987 don makantar bakin kogi, kuma waɗanda suka gano maganin sun sami kyautar Nobel a 2015. Amma wannan bai halatta wa mutum ya sha na kwalbar shanu don ƙaiƙayi ba. Ko na mutanen ma, a dazuzzukan kudancin Kamaru inda ake da tsutsar nan mai ratsa ido, ya taɓa ƙwaƙwalwar waɗanda tsutsar ta yi wa yawa a jini. Masu zuwa Yawunde da Duwala su riƙe wannan.

Albendazol, babbar ƙwayar tsutsa, ba a ba saniya a kwana 45 na farkon cikinta, yana iya naƙasa ɗan. Lebamizol kuwa tazarar da ke tsakanin awonsa da gubarsa kaɗan ce, in aka zarce sai a ga dabba tana dalala da makyarkyata. Maganin kaska mai amitaraz ba a sa wa doki da jaki. Akwai kuma wata allurar ciwon huhu mai suna tilmikosin, wadda in ta soki mutum bisa kuskure tana bugun zuciya, ta kashe mutane a Amurka. Kada a sa sirinji mai magani a aljihu, kuma kada a yi allura sai an kame dabba da kyau.

Kwanakin jira

Kowace kwalba tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira bayan allura kafin a yanka dabba ko a sha nononta. Na Terramycin mai dogon aiki yakan kai kusan wata guda, na Ivomec yakan wuce wata. To, mu duba abin da muke yi. Sa ya nuna kasala ranar lodi, mu danna masa allura, bayan kwana uku yana Legas ko Kumasi ko tiken Ashaiman, kwana na huɗu yana cikin tukunyar mutane. Wanda ya ci naman ya sha maganin da ba a rubuta masa ba, wataƙila mace ce mai ciki, wataƙila mai borin fenisilin ne. Haka kuma wanda ya yi wa dabba mai ciwo allurar kashe zogi don ta miƙe ta yi kyan gani a kasuwa, ya ɓoye aibi ne, kuma tun muna makarantar Islamiyya aka karantar da mu hukuncin ɓoye aibin haja. Abin da ya dace shi ne a shafa wa dabbar fenti, a rubuta ranar allura, a gaya wa dillali da mahauci. In ba za a iya jira ba, a bar ta a gida sai lodi na gaba.

In tsautsayi ya auku

Wanda farfaɗiya ta kama, a janye shi daga shanu da wuta da bakin mota, a kwantar da shi a gefe ɗaya, kada a cusa masa cokali ko tsinke a baki, kada a ɗura masa komai. Wanda ya yi barci mai nauyi ba ya tashi, numfashinsa yana ja da ƙyar, leɓensa ya canza launi, kada a ce a bar shi ya huce, a ɗauke shi zuwa asibiti a kwance a gefe. Wanda ya haɗiyi maganin kaska ko fiya-fiya, alamarsa dalala da zufa da hawaye da ƙanƙancewar ƙwayar ido. Kada a sa shi amai da gangan, kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri, domin ba su karya guba, kuma suna iya faɗawa huhu. In a jiki ya zube, a tuɓe tufafin a wanke da sabulu da ruwa mai yawa. A kowane hali a tafi da kwalin ko kwalbar, kuma a gaya wa likita gaskiyar abin da aka sha da lokacin da aka sha. Kunya ta sa an yi asarar rayuka a nan.

Shawara ga ƴan ƙungiya

1. A sayi magani a farmasi ko wajen likitan dabbobi mai izini. Wanda aka shanya a tire cikin rana ranar kasuwa, ko na gaske ne zafi ya rage masa ƙarfi, balle ga jabu. Araha ba ta ado.

2. A duba ranar ƙarewar aiki a jikin kwali. Wanda bai iya karatun boko ba ya sa a karanta masa, ba abin kunya ba ne.

3. A raba jakar maganin mutane da ta dabbobi. Kada a juye maganin kaska cikin gorar lemo ko ta ruwa, kuma a gida a ajiye su inda hannun yara ba ya kaiwa.

4. Doguwar tafiya a sa direba biyu, a ƙara ɗan rakiya ɗaya don su riƙa karɓar juna. Kuɗin mutum ɗaya bai kai kuɗin ƙafar sa ba.

5. Yaron da aka gane ya kamu, kada a kore shi kawai ya koma wata mota. A zauna da shi, a kai shi asibiti, a sanar da iyayensa cikin sutura.

6. Shugabannin tike da na kara su riƙa gayyato likitan dabbobi da ma'aikacin lafiya ranar taro, kowa ya zo da abin da ke jakarsa a duba masa.

Yaron da muka ba ku labarinsa yanzu yana tare da mu a turke, shi ke riƙe littafin allura, yana rubuta rana da awo da dabbar da aka yi wa. Ya fi mu tsanani a kan kwanakin jira, har yakan tare mu ya ce, "Baba, wannan saura kwana tara, ba za ta hau mota ba." Mu kuwa sai mu yi dariya mu bi maganarsa.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba, a majalisa ko a tasha ko wajen jiran lodi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mu da iyalanmu da dukiyarmu, ya kai mu kasuwa lafiya ya komo da mu gida lafiya, amin.